Ina da sefa miliyan 30, wane ƙaramin jirgin sama zan saya a Garwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina harkar albasa da hatsi, kusan kowane mako ina kan hanyar Marwa ko Ngaundere, wani lokaci har Njamena. Bara na je Afirka ta Kudu na yi lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, yanzu ina da awa 62 a littafina. Na tara sefa miliyan 30. Na ga wani Cessna 150 ƙirar 1974 a intanet, yana Faransa, suna neman yuro 28,000, sun ce injinsa awa 600 kacal ya yi tun garambawul. In saya? In ba shi ba, wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi irina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Mutumin da ya bar rumfarsa ya tafi wata ƙasa ya zauna a aji har ya dawo da lasisi ba da wasa yake ba, don haka zan yi maka dogon bayani. In na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa: ko wannan jirgin na Faransa ya ci kuɗinsa, da kuma ko miliyan 30 za su ishi mutum ya mallaki jirgi a Garwa ya riƙa tashi da shi. Ta biyun ta fi nauyi, ita ce ma ke yanke ta farko. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina kwance injinan ƙananan jirage ina ɗaurawa tsakanin nan da Njamena, kuma jiragen da na ga sun mutu a tsaye, taya ta sace, fenti ya ƙone, sun fi waɗanda na ga sun yi hatsari yawa nesa ba kusa ba. Rashin mai, rashin bakanike da zafin rana su suka kashe su. Duk mai doki a unguwarku zai gaya maka ranar saye ita ce mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa su ne ba su da ranar hutu.

Fara da tambayar mai

Injinan Lycoming da Continental da ke kan tsofaffin Cessna da Piper an saba shayar da su wani fetur na musamman, abgas, wanda ake rubuta wa 100LL, launinsa shuɗi-shuɗi, da ɗan dalma a ciki. Manyan jiragen da kake gani suna sauka a Garwa kananzir ɗin jirgi suke sha, Jet A1, kuma shi ne ake samu a manyan filayenmu. Abgas a wannan yanki baƙo ne. A durom ake kawo shi, daga nesa, sai ka yi oda ka jira, kuma kafin ya iso hannunka kuɗinsa ya yi wa na fetur ɗin mota fintinkau. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji masu tashi daga Njamena, irin su MAF, suka karkata ga jirage masu shan kananzir. Kananzir kuwa ba ya shiga injin fetur ko kaɗan. In aka yi kuskuren zubawa, injin na iya tashi lafiya ya ɗaga ka sama sannan ya lalace.

Akwai mafita, amma da sharaɗi. Injinan da aka ƙera tun asali don mai mai ƙarancin ƙarfi, kamar O-200 na Cessna 150 da O-320 mai ƙarfin doki 150 da ke kan Cessna 172 na shekarun 1968 zuwa 1976, ana iya ba su fetur ɗin mota idan jirgin yana da takardar izini ta musamman da ake kira STC. Kamfanin Petersen da ƙungiyar EAA a Amurka su ke sayar da ita, kuma sai hukumar sufurin sama ta Kamaru, CCAA, ta amince da ita a takardun jirginka. Sharaɗin shi ne man ya zama mai tsabta, ƙarfinsa ya kai abin da takardar ta ce, kuma ba a gauraya masa etanol ba. Gwajin etanol ba wuya: ka zuba ruwa kaɗan a kwalba mai haske, ka yi alama a inda ya tsaya, ka cika da fetur, ka girgiza, ka ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol, kar ya shiga tankinka.

Man kwalba na bakin titi, zuwa-zuwa, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Babur in ya sha ruwa ya tsaya, sai ka tura shi gefen hanya. Na taɓa tatso mai daga ƙasan fiffiken wani jirgi da aka shayar da shi daga jarka, na ɗaga kofin gwajin a rana, sai ga ruwa kwance a ƙasa kamar rabin yatsa, da jan ƙasa-ƙasa a gindinsa. Mai jirgin ya rantse a gidan mai ya saya, kuma na yarda da shi. Jarkar ce ta kwana a waje da damina. Tun daga ranar ba na barin a zuba mai sai ta mazurari mai tace ruwa, kuma sai an haɗa waya tsakanin jarka, mazurari da jikin jirgi, domin a hunturu iska ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa.

To kafin ka kalli hoton kowane jirgi, ka amsa wa kanka: me zai sha a Garwa, me zai sha a Marwa, wa zai kawo, a ina zan ajiye?

Zafinmu yana rage wa jirgi ƙarfi

Nan ne matsalar wannan 150 ɗin take. Lambobin da ke cikin littafin jirgi an auna su ne a kan iska mai sanyin digiri 15 a daidai bakin teku. Iska mai zafi sakayau take, inji ba ya samun abin shaƙa sosai, farfela ba ta samun abin kamawa, fiffike ma haka. Filin Garwa bai fi ƙafa 800 a saman teku ba, amma a watan Afrilu da azahar, ma'auni na nuna digiri 42, jirgi ji yake kamar yana tashi daga tudu mai ƙafa 4,200. Lissafin da muke yi shi ne ƙafa 120 a kan kowane digiri ɗaya da ya ɗara ƙa'ida. Ngaundere kuma tana kan tudu, sama da mita 1,100, kusan ƙafa 3,650. Ko da zafinta bai kai namu ba, a digiri 32 jirgi na jin ƙafa 6,500. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ka ga ƙarfin doki 100 na Cessna 150 ya koma wajen 87 a Garwa, wajen 80 a Ngaundere, kuma wannan in injin sabo ne fil.

Yanzu ɗora nauyi. Cessna 150 ba a yarda ya wuce kilo 726 ba in zai tashi, shi kansa babu komai yana kusan kilo 500. In ka cika tanki, lita 98, kilo 70 ke nan, saura maka wajen kilo 155. Kai da abokin tafiya ɗaya, kowa kilo 80, kun riga kun wuce, ba a yi zancen jaka da ruwan sha ba. Jirgin koyo ne, don haka aka ƙera shi daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1977, kuma ya horar da matuƙa ba iyaka. Ina girmama shi. Amma ɗaukar manyan mutum biyu daga Garwa a bazara a haura tudun Ngaundere ba aikinsa ba ne.

Wata shekara ina tsaye a gefen wani ɗan titin jar ƙasa a daji, ƙarfe ɗaya na rana, wani matuƙi mai hankali ya ɗauki mutum ɗaya a irin wannan jirgi. Kafin ya tashi ya taka titin da ƙafa, ya kafa ƙirare a daidai rabinsa. Ya ba da wuta, jirgin na tafiya kamar an ɗaura masa dutse, ya iso ƙiraren gudunsa bai kai ba, ya ja wuta baya ya taka birki. Ya sauko yana share gumi ya ce gobe da asuba. Washegari bayan sallah jirgin nan ya ɗaga tun kafin ya kai ƙiraren. Ƙa'idar da ya bi ita ce in ka ci rabin titi gudunka bai kai kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, ka tsaya. A titin Garwa mai fiye da kilomita 3 ba za ka ji wannan ba, sai ranar da ka sauka wani ƙauye.

"Awa 600 tun garambawul"

Wannan jimla ita ce ta fi cin kuɗin masu sayen jirgin farko. Kamfanin Continental ya ƙayyade wa O-200 awa 1,800 tsakanin garambawul da garambawul, Lycoming ya ƙayyade wa O-320 awa 2,000, amma dukkansu sun ƙara da cewa ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Tambayar da mai talla bai amsa ba ita ce: wace shekara aka yi garambawul ɗin, wa ya yi, kuma awa nawa jirgin ya tashi a shekara biyun nan? Awa 600 cikin shekara 5 inji ne mai lafiya. Awa 600 cikin shekara 22 inji ne da ya fi daɗewa a kwance, kuma zama shi ke cin inji. Baƙin mai ya tsiyaye, raɓa ta shiga, tsatsa ta kama cikin silinda. A injin Lycoming sandar da ke buɗe bawul a sama take, ita ke fara bushewa, ita ke fara cin tsatsa.

Na ga wannan da idona. Wani bawan Allah ya sayo 172 da ya yi shekara huɗu a ajiye a wani gari na bakin teku, awannin injin kaɗan, fenti na sheƙi, kuɗi da sauƙi. Ya tashi da shi wajen awa 40 lafiya lau. Da muka zo canjin mai na yanka matatar na warware takardar cikinta a kan tebur, sai ga ta tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin kwalli. Na kawo maganaɗisu, duk suka manne. Ƙarfe ne, injin yana cin kansa. Kuɗin gyaran ya kusa kai abin da ya sayi jirgin, kuma jirgin ya yi fiye da shekara a ƙasa ana jiran kaya da kuɗi. Har yau ina jin zafin wannan, don da an yanka matatar nan kafin ciniki, da wuƙa da minti goma sun tsirar masa da miliyoyi.

Saboda haka kar ka yi cinikin biri a sama. Ka biya bakanike mai lasisi, naka, wanda bai taɓa yi wa mai jirgin aiki ba, ya je ya kwana biyu a kansa. Zai auna matsin kowace silinda a kan 80, in ta yi ƙasa da 60 akwai magana. Zai zura 'yar kyamara ta ramin fulogi ya ga bangon silinda da bawul. Zai yanka matatar mai. Zai ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya buɗe marafan da ke ƙarƙashin fikafikai da wutsiya ya haska tocila, domin tsatsar alminiyam ba ja ba ce, fari-fari take kamar toka, kuma daga ciki take farawa. Zai duba bangon da ke raba inji da mazauni ko ya tattare, alamar ɗalibai sun sha buga tayar gaba a ƙasa. Zai duba layin da kujera ke tafiya a kai, don a Cessna akwai umarnin dole a kansa: kujera ta taɓa zamewa baya da matuƙi yana cikin tashi. Sannan littattafai uku, na jiki, na inji, na farfela, daga ranar farko ba tare da gibi ba. In farfela ta taɓa dukan ƙasa, a nuna takardar buɗe injin da aka yi bayan haka. Jirgin da littafinsa ya ɓata darajarsa ta faɗi, kuma hukuma na iya ƙin yi masa rajista a nan.

Abu ɗaya mai kyau: in wanda ka gani ƙirar Reims ne, wato waɗanda aka haɗa a Faransa da izinin Cessna, ana rubuta musu F150 ko F172, yawancinsu an shafa musu maganin tsatsa a ciki tun daga masana'anta, abin da ba duk na Amurka suka samu ba.

Daga Faransa zuwa Garwa, nawa zai rage?

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka yuro 28,000 ya kama miliyan 18.4. Kana ganin saura miliyan 11 da rabi. Bari mu bi su. Kuɗin bakaniken da zai duba, da tafiyarka. Cire fikafikai, ɗaure jirgin a kwantena mai ƙafa 40, jirgin ruwa zuwa Duwala ko Kiribi. Sai duwan, wato kwastan. In aka ɗora maka harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, a kan kuɗin sayen kaɗai ya haura miliyan 3 da rabi, ban da sauran kuɗaɗen fito. Ka zauna da wakilin fiton kaya ya rubuta maka lissafi kafin ka biya ko dala. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko tirela, a gangaro da shi ta kwanonin tudun nan zuwa Garwa. A sake ɗaurawa, a daidaita, a auna nauyi, a yi tashin gwaji. Wataƙila a nemi ka sa na'urar neman agaji mai aiki a kan zangon rediyo na 406, don tun 2009 tauraron ɗan'adam ya daina sauraron tsohuwar mai 121.5. Ga inshora, wadda ga mai awa 62 ba za ta yi sauƙi ba. Kafin ka yi tashin farko, miliyan 30 sun kusa ƙarewa, kuma ba ka ajiye wa inji komai ba.

Wasu za su ce a tuƙo shi ta sama. Da jirgin da ke yin kilomita 170 a awa, wanda man tankinsa bai kai na awa huɗu cikakku ba, ga hamada, ga rashin abgas, ga rashin tsaro a hanya, ban ba kowa wannan shawara ba.

Takardu ma suna da nasu lokacin. Sai an soke rajistarsa ta Faransa mai farawa da F, an ba ka takardar lafiyar jirgi ta fitarwa, sannan CCAA ta ba shi lambar Kamaru mai farawa da TJ da tata takardar lafiya. Lasisinka na Afirka ta Kudu shi ma sai sun tabbatar da shi kafin ka tuƙa jirgi mai TJ. In an yi maka tallan jirgi mai lambar Amurka, N, ka sani baƙo ba ya riƙe wannan rajista da sunansa sai ta hannun amintacce ɗan ƙasar, da kuɗinsa duk shekara. Shawarata ka je ofishin CCAA a Yawunde da kanka, da sunan samfurin jirgin a rubuce, ka tambaye su ko za su karɓe shi, kuma wane bakanike ko wace ma'aikata suka yarda ta sa hannu a dubawar shekara. In amsar ita ce sai an ɗauko mutum daga Duwala ko Njamena duk lokacin da za a sa hannu, tikitinsa da masaukinsa sun shiga kuɗin jirginka.

Abin da zan zaɓa da kuɗinka

Hanya ta farko ita ce jirgi mara nauyi mai kujera biyu da injin Rotax 912, irin waɗanda Faransawa ke kira ULM, kamar Savannah na Italiya ko Zenith CH 701. Injin Rotax fetur ɗin mota ya fi so, dalmar abgas ma damunsa take. Yana shan lita 15 zuwa 18 a awa, kawunan silindarsa ruwa ke sanyaya su, abin da ke taimako a zafinmu, kuma sababbinsa ana ba su awa 2,000. Waɗannan jirage suna tashi a ɗan gajeren fili, shi ya sa masu gadin gandun daji ke son su. Amma ka san halinsu: mai ƙarfin doki 100 yana son fetur mai lamba 95, mai doki 80 ya fi haƙuri da man da bai kai haka ba, duk shekara 5 ana canza robobinsa da tiyo-tiyonsa ko sun yi kyau a ido, gudunsa wajen kilomita 150 a awa, kaya sai 'yar jaka, kuma da rana ta take, iska mai zafi na wujijjiga shi har ka gaji. Dokar ULM daban take da ta jirgi mai cikakkiyar takarda, musamman wajen tsallaka iyaka, don haka ka nemi amsar CCAA a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami.

Hanya ta biyu, wadda ta fi kwanta mini a rai ga tafiyar da ka zayyana, ita ce Cessna 172 na tarayya. An ƙera fiye da 44,000 tun 1956, kayan gyaransa ba sa wuyar samu, kuma duk bakaniken jirgi ya san shi. Na shekarun 1970 yana tashi da kilo 1,043, in ka cika tanki saura maka wajen kilo 270: a zafinmu ka ɗauke shi jirgin mutum uku, da rana tsaka ma biyu. Yana yin kusan kilomita 200 a awa, yana shan lita 30 zuwa 35. Fiffikensa a sama yake, mai na gangarowa da kansa ba sai da famfo ba, kuma wannan na rage haɗarin fetur ya zama tururi a cikin bututu saboda zafi. Ga inuwa in kana jiran izinin tashi. Ka nemi mai doki 150 saboda zancen man mota. Samfurin 172N na 1977 zuwa 1980 yana da injin H2AD da ya yi suna wajen cin sandar bawul, sai an bincika shi da kyau. Matsalar ita ce 172 mai lafiya ya fi ƙarfin miliyan 30 tun kafin ya bar Turai. Amma mutum biyu ko uku za su iya, kuma jirgin da mutum uku ke tashi da shi ya fi lafiya a kan wanda ke jiran mutum ɗaya. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu: wa ke tuƙi, nawa ake zubawa a asusu kowace awa, wa ke biya in an yi ɓarna, yaya mutum zai fita in ya gaji. Zumunci ba ya hana rubutu, Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta bashi.

Sauran zan wuce su da sauri. Piper Cherokee 140 yakan fi 172 araha, jirgi ne nagari, amma fiffikensa a ƙasa, ƙofa ɗaya, zafi a ciki, kuma tun hatsarin 2018 a Fulorida akwai umarnin binciken ƙashin fiffike a kan wasu samfuran PA-28, wato dangin Cherokee. Robin DR400 da Jodel suna da daɗin tuƙi kuma suna da yawa a Faransa, amma katako ne da yadi, ranarmu da garar ƙasarmu ba sa raga musu. Masu injin dizal da ke shan Jet A1, irin Diamond DA40, su ne suka fi dacewa da man da muke da shi, sai dai kuɗinsu ya ninka naka sau da yawa.

Kowanne ka ɗauka, kar kuɗin saye ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku na abin da ke hannunka. Kuma ka buɗe asusun inji tun ranar farko. In garambawul zai ci miliyan 20 a misali, ka raba da awa 2,000, sefa 10,000 ke nan duk awa, ban da mai, ban da canjin baƙin mai duk awa 50 ko wata huɗu, ban da duba magneto, mai ba fulogi wuta, duk awa 500. Inshora, rumfa da dubawar shekara kuwa ko ka tashi ko ba ka tashi ba sai ka biya. In a shekara ba za ka yi awa 50 ba, kowace awa za ta yi maka tsadar da ba ta da ma'ana.

Kwana nawa za ka iya tashi?

Garwa zuwa Marwa ta sama wajen kilomita 160 ne, ƙasa da awa ɗaya a 172. Ngaundere kilomita 220, Njamena wajen 360. Abin sha'awa ne ga wanda ya san wahalar hanyar mota. Amma lasisinka na tuƙi da ido ne, kana bukatar ganin aƙalla kilomita 5 a gabanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar Bodele ta taso daga arewacin Cadi, hazo na iya rufe gari kwana da kwanaki, ba ka ganin ƙetaren Binuwai, sama da ƙasa su zama launi ɗaya. Matuƙi mai awa 62 da ya shiga irin wannan ba ya sanin ya karkata sai ya makara. Da damina kuma hadari na tasowa daga gabas, yawanci da yamma, a jere kamar bango, da iskar da ke iya kifar da jirgin da ke ɗaure a ƙasa. Tafiyarka ta safe ce, kuma dole kullum ka bar wa kanka damar cewa yau mota zan hau. Ranar da ka yi wa abokin ciniki alkawarin isa ƙarfe huɗu ko ta halin ƙaƙa, ranar ce nake ji maka tsoro.

Lasisin kai-da-kai bai ba ka damar ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi ba, saboda haka jirgin ba zai mayar da kuɗinsa ta haya ba, lokaci kawai zai saya maka. Njamena wata ƙasa ce, sai da izinin hukumarsu ta ADAC da shige da fice. Yola ma da ke kilomita 100 daga nan wata ƙasa ce, sai da izinin hukumomin Najeriya. Tsarin tafiya kana miƙa wa ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sama, akwai kuɗin sauka da na ajiya. Filin Garwa da sojojin sama ake raba shi, kuma a jihar Arewa Mai Nisa, da halin tsaron da ake ciki tun 2014, ba a sauka a wani fili haka kawai ba tare da hukuma ta sani ba.

Sai rumfa. Kafin jirgi ya iso ka san inda zai kwana. Rana na ƙona gilashi ya yi hazo-hazo, tana busar da taya da robobi, ƙura na shiga matatar iska ta riƙa goge silinda kamar yashi. Ga zanzaro. Wata safiya na tarar da ɗan bututun da ke auna gudun jirgi, wanda ke ƙarƙashin fiffike, an liƙe bakinsa da laka tsaf, aikin kwana biyu kacal. Da an tashi haka, allurar gudu ba za ta faɗi gaskiya ba. Murfin da ke hana wannan bai kai kuɗin buhun albasa ba, amma sai mai jirgi ya saba sa shi duk yamma da cire shi duk safiya.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, domin ban sa hannu a wannan jirgin ba, kuma ba a yanke wa jirgi hukunci daga hoto. Fagena injin fistan ne da jikin jirgi. Zancen duwan da doka na masu shi ne, farashi kuma yana motsi. Amma a kan tafiyar da ka faɗa da kuɗin da ka ambata, ban ga dacewar wannan 150 ɗin da kai ba ko da lafiyarsa ƙalau. In har zuciyarka na kansa, ka ce wa mai shi ya turo hoton shafin da aka rubuta garambawul da kwanan watansa, shafukan shekara uku na ƙarshe na littafin inji, da takardar awon nauyi ta baya-bayan nan. Ka turo mini su in duba. Kafin nan ka nemi mutum biyu a Garwa ko Marwa da ke da irin burinka, ka je Yawunde da tambayoyinka a rubuce, kuma ka samu malamin tuƙi ka ƙara awa 15 ko 20 a wuri mai zafi da gajeren titi, don hannunka kar ya yi sanyi kafin jirgin ya zo.